Sunan da Sambo Ya Kasa Faɗa a Kaduna

Sakkwato ba baƙon wuri ba ne a gare ni. Ni jaji ce, aikina tara matan ƙauyuka in koya musu tsarki da salla da waƙoƙin wa'azi, kuma kowace shekara nakan ɗora malfata, alamar jaji, a ka in ja su a ƙasa daga Jabo har birni mu yi ziyara. Amma ban taɓa taka ƙofar ofis ba sai shekarar da ta biyo bayan mulkin kai, lokacin da aka rubuta Inno cikin yaran da za a kwashe zuwa makarantar kwana ta boko.

Inno 'yar ƙanena Sambo ce, ta fari. Tun yaye aka kawo min ita kamar yadda ake yi da 'ya'yan fari, ba a jima ba kuma uwarta, wata baiwar Allah 'yar Fakku, ta rasu. Shi Sambo da shanunsa suka ƙare sai ya tafi Kaduna ya shiga masaƙa. Sunan mahaifiyarmu aka sa wa yarinyar, shi ya sa muke ce mata Inno, don ba mai bakin kiran wancan sunan a gidanmu. Ba ta gama famfara ba ta riga ta iya karanta ajami, tana jan baitin waƙa manyan mata suna amsa mata. Ita nake tanada wa malfata, ba ni da wata. Masu zaɓen yaran boko kuwa sun san gidajen da suke shiga, ba su taɓa farawa daga inda akwai namiji mai baki. Da na kai kuka Tambuwal aka ce da ni akwai hanyar da doka ta bari a karantar da yaro a gida, amma sai in je birni in tambaya.

Wanda na tarar a ofishin wani ɗan saurayi ne da wandonsa ya matse shi har ba ya iya zama sosai. Bai ce in zauna ba, ni ma ban nema ba.

"Inna, mi kika so?"

"Ɗiyata anka rubuta. Ni ka karantar da ita gida, ban ga abin da za ta nema wani wuri ba."

Ya tambaye ni ko na iya boko. Na ce ban iya ba, ban kuwa ji na yi asara ba, amma na riga na shirya da malamin yaƙi da jahilci na garinmu zai riƙa zuwa zaurena yana koya mata baƙaƙensu da lissafi. Ka ji sunan aikinsa ma, wai yaƙi da jahilci. Mu da kakanninmu mata suka yi rubutu tun ba a san za a haifi Bature mai jirgi ba, mu ne jahilan. Saurayin ya ce to sai ɗaki mai haske wanda mai duba makarantu zai iya shiga ya gani. Na ce zaurena ƙofa biyu gare shi, in haske yake so ya zo da hantsi. Na ga dai yana neman inda zai kama ni, sai can ya ɗago kai.

"Ke kinka haife ta?"

"Ni nir riƙe ta."

"To ba ki da magana. Ubanta ka zuwa da kainai, shi tsaya gaban babba da yarinyar, shi ce ɗiyatai ta, shi faɗi sunanta na yanka, shi ce ya ɗauki nauyin karatunta. In yana Kaduna, can ma ya fi, can manya suke. Amma ki yi sauri, bayan kaka aka buɗe makaranta."

Haka muka sami kanmu a bayan wata babbar mota mai zuwa Gusau, ni da Inno, a kan katakon da aka gicciya bisa buhunan gyaɗa. Direban yana ji da kansa kamar shi ya ƙera motar. Sai ya ga dama yake tsayawa salla, in kuwa ya hango mai tsire ba ya shawara da kowa. Wajen Talata Mafara motar ta mutu, aka sauke mu duka aka ce maza su tura, mu mata mu bi a ƙasa da kayanmu a ka. Da ta tashi yaron motar ya hau yi mana tsawa wai muna ɓata musu lokaci. Na dube shi na ce Allah ya shirya, don yaron da ba a koya masa gaisuwa ba ba shi da laifin komai.

A Gusau ne aka cuce ni, kuma wanda ya cuce ni ya iya gaisuwa. Ina tambayar hanyar tashar jirgin ƙasa sai ga wani mutum cikin farar riga, aljihunsa cike da alƙaluma, ya maƙala 'yar tutar nan kore da fari a ƙirji. Ya durƙusa har ƙasa, ya kira ni Modibbo, wato malama, ya tambayi gida da damina. Da ya ji abin da ke tafe da ni sai ya kama baki, ya ce ai na yi arziki, babban mai kula da ilimi yana garin yana rangadi, shi kuwa masinjansa ne, ba sai na wahala har Kaduna ba. Abin da ya rage kawai 'yar gaisuwa, don ba a shiga wurin manya hannu rabbana. Na kwance ƙwaryar man shanun da na riƙo wa Sambo na ba shi, na haɗa da zanen saƙi da na yi niyyar ɗaurawa ranar shiga ofis. Ya zaunar da mu gindin wata bishiya ya ce yanzu zai dawo. Muna nan inuwa ta bar mu ta koma bayanmu. Wata mai fura da ke kallonmu tun farko ta ce, "Baba, in mai alƙaluman nan kike jira, gara ki tashi. Jiya cewa ya yi shi ɗan'uwan alƙali ne." Tana gani aka yi komai, ba ta ce uffan ba sai da aka gama, sannan ta tambaye ni ko zan sayi fura.

Jirgin ƙasa kuma wani abu ne da ban ga dalilin da ake yabonsa ba. An cusa mu kamar kaji a akurki, hayaƙi yana shigowa ta taga yana zuba mana baƙin gari a ido. Kusa da mu wata ƙatuwar mata ce daga kudu, ba lulluɓi, tana cin wani abu mai yaji tana surutu da kowa. Na janye butata daga kusa da ita. Kafin Funtuwa zazzaɓi ya rufe Inno, jikinta ya yi zafi rau, ni kuwa ko wurin miƙe ƙafa ba ni da shi. Matar nan ta tashi tsaye ta bar mata wurinta, ta kwance ɗankwalinta ta jiƙa da ruwan gorarta ta ɗora mata a goshi, ta ɓare lemo tana matsa mata a baki. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "yarinya" ba, su take ta maimaitawa. A tsaye ta yi sauran tafiyar har Zariya, ta sauka ta shige cikin mutane ban ko ji sunanta ba. Duk hanyar nan ita kaɗai ce ba ta nemi komai a wurina ba.

A Zariya muka jira wani jirgin, nan ne kewar gida ta kama ni sosai. Na sayi fura na ji ta tsululu, ba ta san nonon kirki ba. Na tuna a Jabo yanzu an fara yankan gero, mata sun taru a zaurena ranar Alhamis ba mai ja musu baiti. Ga shi duk inda na buɗe baki sai a yi murmushi a ce, "Basakkwata ce," wasu ma su kwaikwayi maganata a gabana. Mutanen da daga wajenmu malamansu suka samo karatu, su ne yau suke dariyar harshenmu. Na ja mayafina na rufe Inno.

Kaduna gari ne da ba na kowa ba. Kwano ko'ina, hanyoyi masu faɗi, mutane suna wuce juna ba sallama kamar an yi faɗa jiya. An ce mun sami 'yanci, amma ni abin da na gani shi ne Bature ya tashi ya bar kujerarsa da wandonsa, 'ya'yanmu suka shige ciki. Da tambaya muka kai Kakuri, muka sami Sambo a wani ɗaki da yake haya da wasu mutum biyu, ya rame, auduga maƙale a gashinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi kowa a Jabo har jakin maƙwabcinmu. Inno tana tsaye a gefena, bai dube ta ba. Can ya juya fuska wajen bango ya ce, "Adda, har da waccan kinka zo?"

Ban ga laifinsa ba a lokacin. Haka muka taso. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya kallonsa a gaban mutane, ba ya cewa nawa ne. In an tambaye shi sai ya ce ɗan gidanmu ne, ko ɗan wane. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma a wajenmu wanda ba shi da ita ba a ɗaukarsa mutum. Ni kaina na ga an yi wa wani ba'a har ya bar gari don ya ɗauki ɗansa na fari a kasuwar Kebbe. Amma na zaunar da shi na faɗa masa dalla-dalla abin da doka take so, na ce wannan karon kaɗai, a rufaffen ɗaki, gaban baƙon da ba zai sake ganinsa ba. Na ce ya gwada faɗa yanzu in ji.

"Haba Adda, ba yanzu ba. In munka je can sai in faɗi."

"Sambo, sunan Inna na, na sani. Ni ma nauyi shika yi man. Amma in ba ka faɗi ba, ɗauke ta za su yi."

"Na ji, Adda. Wallahi sai in faɗi."

Ya nemi izini a wurin aiki muka shiga zagayen ofisoshi. Wannan ya ce ba nan ba ne, wancan ya ce mai sa hannu ya tafi taro, wani ya ce bai taɓa jin wannan doka ba, na kusa da shi ya ce akwai ta amma ba a yi wa mata. Ban ji bakin mutum biyu ya zo ɗaya a kanta ba, kuma kowannensu da irin isar da yake faɗar tasa. Muna zaune a wani dogon baranda ina yi wa Inno faɗa ta daina wasa da ƙofa, sai wani tsohon masinja mai jar hula ya tsaya cak.

"Wagga magana ta gida ta. Daga ina kunka fito?"

Na ce Jabo. Ya ce shi mutumin Fakku ne, sunansa Malam Umaru, soja ya kawo shi nan tun yaƙin Bature ya zauna. Aka shiga jan zare, ɗan wane, jikan wane, sai ga shi ashe baffan uwar Inno ne, ƙanen mahaifin marigayiyar ciki ɗaya. Tsohon nan ya rungume yarinyar yana hawaye, ya ce ga fuskar marigayiya nan sak. Ya sayo mata alewa, ya ce yau ɗin nan za mu ga babba ko shi bai isa ba. Na yi murna ƙwarai. Ban lura ba Sambo ya riga ya tuɓe takalmi ya tsuguna can nesa, kansa a ƙasa, don ya sami kansa a gaban suruki.

Malam Umaru ya cika alkawari. Ya shigar da mu, kuma don ya nuna mu nasa ne sai ya shigo tare da mu ya tsaya jikin bango yana murmushi. Babban da aka yi ta kira babba, ashe yaro ne da na yi jika da shi, ya sa kwat ana wannan zafi, fanka tana juyi a kansa. Hausarsa irin ta rediyo ce, yana yi yana jefa Turanci. Ya saurari maganar malamin yaƙi da jahilci da ta zaure, ya kaɗa kai ya ce waɗannan ba matsala. Har ya sa Inno ta karanta masa wani abu daga takardun ajamin da na riƙo, ta karanta ba gargada. Na yi hamdala. Sai ya juya wajen Sambo.

"Malam, wannan yarinya 'yarka ce?"

Sambo ya saci kallon Malam Umaru, ya mai da ido ƙasa.

"Ranka shi daɗe, ɗiyar gidanmu ta."

"Ban tambaye ka gida ba. Kai ka haife ta?"

"Ta wagga ta," ya nuna ni da haɓa. "Ita tar riƙe ta."

"To yaya sunanta?"

"Inno aka ce mata."

"Sunan yanka nake nufi."

Zufa tana ɗiga daga hancin Sambo. Ni da na haura shekara hamsin ban taɓa kiran sunan mahaifiyata ba, ko a mafarki, ranar na buɗe baki na faɗe shi da ƙarfi a gaban baƙo. Ban sake faɗarsa ba har yau, ba kuwa zan sa shi a nan ba. Yaron ya ce, "Ba ke na tambaya ba, Inna." Sai a lokacin Malam Umaru ya gane abin da tsayuwarsa take yi, ya sulale ya fita yana salati. Na ce wa Sambo to ga shi ya fita, faɗi. Amma ya san tsohon yana bayan ƙofa, sai ya ƙara sunkuyar da kai. Mai kwat ya dubi agogonsa, haƙurinsa ya ƙare, ya buga tebur ya ce, "To mi kuka so in yi muku?"

Nan na kama shi. Duk Hausar rediyon nan aro ce, ɗan ƙasarmu ne.

"Ashe kai na gida na," na ce masa. "To ka san abin da ag gabanka. Ka san mutumin ga ba ƙin ɗiyatai shika yi ba. Kai in ɗan fari na, ubanka ya taɓa kiran sunanka?"

Ya gyara wuyan rigarsa, ya koma muryar rediyo. "Inna, nan ofis ne. Abin da aka ce in ji da kunnena shi zan rubuta." Ya sake tambayar Sambo, wannan karon a hankali, ba zan yi masa ƙarya ba. Sambo ya ɗago kai, ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Allah shi ba ka nasara." Yaron ya ja alƙalami ya rubuta cewa uba bai amsa 'yarsa ce ba, don haka ba mai ikon neman a bar ta a gida, za ta tafi makaranta yadda aka tsara. Na raina shi don ya sani ya yi kamar bai sani ba. Na raina dokar da ta yarda da zaurena da karatuna amma ta ce shekarun da na yi ina goyo da jinya ba su kai kalma ɗaya daga bakin namiji ba. Wanda na fi rainawa dai shi ne wanda muka sha nono ɗaya da shi. Inno kuwa tana tsaye a tsakiyar ɗakin da alewarta a hannu, ba abin da ya wuce kunnenta.

Ranar komawa Sambo ya rako mu tasha. Ya zo da turmin atamfa sabo fil daga masaƙarsu, ya miƙo min yana kallon wani wuri, ya ce, "Adda, ki ba waccan." Na ce ga ta nan gabanka, hannunka bai karye ba. Ya tsaya riƙe da shi har jirgi ya yi kuka, sannan ya tura shi ta taga ya faɗo kan cinyata. Inno ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma leƙa ba.

Muka wuce Zariya. Sai da muka fara ganin gonakin gero irin na gida Inno ta jawo gefen mayafina.

"Goggo, an ce makaranta suna tambayar sunan uban mutum su haɗa da nashi. In sunka tambaye ni, mi za ni cewa?"

Na ce, "Ki ce Jabo."

Bayan kaka 'yan doka suka zo suka tafi da ita, da ɗan akwatinta a ka. Haka aka rubuta ta, Inno Jabo, haka kuma ta zauna. Takan zo hutu ta gaishe ni da ladabi, ta taya ni daka, amma baitocin sun zube mata ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ban tilasta ta ba. Malfata tana rataye a ɗaki har gara ta fara cin bakinta, ban sami kan da zan ɗora wa ba.

Shekaru da yawa bayan haka tari ya kori Sambo daga masaƙa ya dawo gida. Lokacin Inno ta zama malamar makaranta a Tambuwal. Wata rana ya je kasuwa ya ji ana ta ambaton Malama Inno Jabo, ya dawo ya same ni ina tsince wake a zaure, ya tsuguna yana haki.

"Adda, na ji wani suna da aka kiran waccan da shi. Kamar wadda ba ta da uba. Wa as sa mata shi?"

Ban ɗago kai daga faifan ba. Na ce, "Kai kar raɗa mata shi a Kaduna. Ko rago ba ka yanka ba."